Yadda Malam Kar-a-taɓa Ya Ceci Dawar Gwaggo

Duk faɗin Faskari, daga bakin tasha har hanyar Ruwan Godiya, ba a taɓa haihuwar mutumin da ya san darajar tsohon abu kamar Malam Abdulgafar ɗan Alhaji Mani ba. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ai ba wanda ya kai shi sanin kansa. Shekara huɗu cur ya yi a jami'a yana karanta ilimin gidan tarihi da adana kayan gado, ya ƙara ɗaya ta bautar ƙasa a wani gidan tarihi a Kudu, inda aka damƙa masa makullin ɗaki guda, aka kuma hana shi buɗewa. 'Ya'yan wasu sun dawo likitoci, na wasu lauyoyi, shi kuwa Kiyureta ya dawo. In zai faɗi kalmar sai ya ɗan dakata tukuna, don mai sauraro ya gyara zama.

Alhaji Mani, bawan Allah, ya yi iya ƙoƙarinsa ya gane karatun ɗansa. Da ya gaji sai ya riƙa gaya wa abokansa a ƙofar masallaci cewa yaron ajiya ya karanta. Mutane suka yi murna ƙwarai, don ajiya ba ƙaramin abu ba ce a garin manoma. Kashegari Malam Almu, wani dattijo mai gona a bakin rafi, ya yi sammako ya zo da tambaya a kan wakensa da ƙwari ke cinyewa tun kafin bazara. Abdulgafar ya dube shi da tausayi, ya ce masa shi ba ya hulɗa da abin da bai kai shekara hamsin ba.

Yana da farar safar hannu da ke leƙowa daga aljihun gaba, inda sauran ma'aikata ke soke biro. Ko ludayi ba ya ɗauka sai ya zura ta. A cewarsa zufar hannun ɗan Adam guba ce ga tarihi, kuma rabin abin da kakanninmu suka bari, hannun jikokinsu ne ya cinye shi. In ya shiga gida ya tarar ana daka, sai ya runtse ido kamar shi ake kirɓawa. Maganarsa kullum guda ce, kar a taɓa, har matan unguwa suka raɗa masa ita, ya zama Malam Kar-a-taɓa. Da sunan ya kai kunnensa ko a jikinsa. Ya ce alama ce wayar da kai ta fara shiga.

Mutum irin wannan ba ya zama haka kawai. Akwai wani tsohon shago a jikin gidansu inda Alhaji ya taɓa sayar da taki, rufin kwano, taga ɗaya kamar ta kurkuku. Abdulgafar ya share shi, ya shafe shi da farar ƙasa, ya sa aka rubuta allo: Cibiyar Adana Kayan Tarihi da Al'adun Gargajiya ta Faskari, Sabuwa, Kankara da Kewaye. Allon ya fi ƙofar faɗi, sai da aka karkata shi. A ƙasa an jera muƙamai uku, Darakta, Babban Kiyureta, da Shugaban Sashen Bincike, kuma da ikon Allah duk ukun sunansu Abdulgafar Mani. Daga nan ya shiga neman kaya. Turmin mahaifiyarsa ya zama lamba ta bakwai, ita kuma ta koma daka a maƙwabta. Sungumin Alhaji ya hau bango. Aka kai lokacin da in an hango farar safa ta doso layi, matan gida kan yi maza su tura ƙorai ƙarƙashin gado.

Amma duk wannan tarkace bai kwanta masa a rai ba. An koya musu a jami'a cewa kowane gidan tarihi yana da abu guda da ake takowa daga nesa don a gani, shi kuwa ya san ba wanda zai hau mota don ya kalli turmi. Yana cikin wannan damuwa sai ya ɗaga kai wata rana a madafin Gwaggo Hussaina.

Gwaggo Hussaina ƙanwar Alhaji Mani ce. A wani ƙauye cikin dajin Sabuwa ta yi aure, ta haihu, ta aurar, ta binne miji. Da kakar bara ɓarayin daji suka tashi ƙauyen, suka ƙone rumbuna, kowa ya kama gabansa. Wasu sun fito da tabarma, wasu da akuya. Ita ta fito da zangarniyar dawa guda shida ƙunshe a zane, ta bar tukwanenta da gadonta na ƙarfe. Dawar ja ce, gajera, tana nuna da wuri kafin ruwa ya ɗauke, tuwonta kuma ya kwana biyu bai yi tsami ba. 'Yar Bilki ake ce mata, don kakarsu Bilki ce ta zo da irin cikin kayan aurenta. Kowace kaka Gwaggo kan shiga gona kafin a yi girbi, ta zaɓi kawunan da suka fi cika, ta rataye su saman murhu har damina ta zagayo. Yanzu ƙauyen ya zama kufai, kuma duk inda aka tambaya ba wanda ya tsira da irin sai ita. Alhaji ya yanka mata gayauna a bayan gida. Ba abin da take jira a duniya sai ruwan shuka. In waɗannan shida suka kai damina lafiya, 'Yar Bilki ta rayu, in ba su kai ba, shi ke nan an yi ta an gama.

Abdulgafar ya ga zangarniyun rataye da igiya, sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ya tambayi ko na mene ne. Da ya ji tarihinsu kuwa sai ya ga ya sami abin da yake nema. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Gwaggo, kin san abin da kike yi kuwa? Wannan gadon al'umma ne kika rataye a tsakiyar hayaƙi. A ilimance maƙiyan kayan tarihi uku ne, hayaƙi, haske da jahilci. A ɗakin nan na ga biyu da idona, na ukun kuma ladabi ya hana ni faɗa."

Gwaggo tana tsugune tana hura wuta. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Audu, matsa, ka tare mani iska. Hayaƙin ga shi ke tsaron shi. In ka ga ya yi baƙi, to lahiya lau yake."

Duk garin ita kaɗai ta rage tana ce masa Audu, kuma duk sanda ta faɗa sai ya ji kamar an cire masa shekara huɗu daga jiki. Ya fita yana girgiza kai, ya rubuta a littafinsa cewa ya gano wani abu mai daraja cikin mummunan hatsari.

Allah da ikonsa, a farkon bazara 'yarta Rukayya ta haihu a Kankara, dole Gwaggo ta je ta zauna mata wankan jego na kwana arba'in. Kafin ta hau mota ta ja kunnen kowa. Ta ce wa matar Alhaji a riƙa girki a madafin nan ko da ruwan zafi ne, kar murhun ya huce. Abdulgafar kuwa ta kira shi gefe ta gaya masa sau biyu, da Hausa mai sauƙi, cewa ko inuwarsa kar ta gifta ƙarƙashin irin nan. Ya saurare ta da natsuwa, don a aji uku an yi musu darasi guda sukutum a kan yadda masu kaya ke jin nauyin rabuwa da kayansu, da yadda masani zai yi musu uzuri.

Motar ba ta kai kwanar gari ba ya taka kujera ya kwance igiyar. Da Alhaji Mani ya gan shi ya fito da zangarniyun a kan faranti, ya tambaye shi ko da sanin gwaggonsa. Abdulgafar ya zaro takarda ya nuna masa. Takardar aro ce, Darakta ya nema, Babban Kiyureta ya amince, ga hatimi shuɗi a ƙasa. Alhaji mutum ne mai ganin girman hatimi. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "To, kai da gwaggonka," ya saɓa rigarsa ya tafi masallaci.

Kwana uku Malam Kar-a-taɓa ya yi yana aikin ceto, kuma a yaba masa, ko likita bai kai shi taka-tsantsan ba. Ya sayi sabon buroshin goge baki, ya bi zangarniyun ƙwaya-ƙwaya yana kakkaɓe kunkunniya. Inda ta ƙi fita ya jiƙa auduga ya goge. Dawa ta fito ja wur, tana sheƙi kamar amarya. Ya je kasuwar Kankara, ya lallaɓa ta bayan layi don kar ya yi kiciɓis da Gwaggo, ya sayo akwatin gilashi a wurin wani mai fanke da ya daina sana'a. Yana hanyar fita sai basira ta zo masa. Ai mai kallo ba zai gane darajar tsoho ba sai ya ga sabo a gefensa. Nan take ya tsaya wurin masu hatsi ya karɓi zangarniya guda ta dawar kasuwa, daga wani dami da ya shekara a sito. Ko yarinyar da ta fara koyon tankaɗe ta san ba a haɗa iri da hatsin kasuwa, amma ita ba ta yi darasin baje kolin kwatance ba.

Ya shimfiɗa farin yadi, ya jera shida a dama, ɗaya a hagu, ya rufe, ya bi kowace kafa da salatif don ko numfashi kar ya shiga. Sannan ya liƙa kati da rubutunsa mai kyau: Lamba 001. Dawa, ja. Asali, dajin Sabuwa. An ceto ta daga hannun mai ita.

Sai bazara ta kama aikinta. Kowa ya san zafin shagon kwano in rana ta take, ko kaza ba ta yarda ta kwanta a ciki. Da safe gilashin kan yi gumi ta ciki, Shugaban Sashen Bincike ya rubuta cewa abin yana sabawa da sabon muhalli. A mako na uku wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suka fara yawo a kan farin yadin, daga hagu suna ƙetarawa dama. A mako na huɗu wani gari mai laushi ya fara taruwa a ƙarƙashin zangarniyun. Abdulgafar ya sunkuya ya duba da kyau. Ɗan manomi ne, kuma can ƙasan digirinsa akwai wani Audu da ya san ko mene ne wannan. Har ya kai hannu zai ɓare salatif, sai ya tuna dokar Cibiya, wadda shi ya rubuta, cewa ba a buɗe akwati sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya zauna a kan benci shi kaɗai, ya duba lamarin ta kowace fuska, ya ga saura kwana tara bikin buɗewa, an riga an raba katin gayyata. Aka yanke shawarar a lulluɓe akwatin da koren yadi har ranar, don ƙarin armashi.

Ranar biki aka kafa kanofi biyu, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika. Hadari ya haɗo ta gabas tun hantsi, manoma na zaune rabin hankalinsu na sama. Babbar baƙuwa ita ce Dakta Hafiza, malamarsa ta jami'a, an ware mata kujera mai hannu da sunanta a jiki. Sai dai da ta tambayi yanayin hanya aka gaya mata, ta fasa zuwa, ta turo saƙon murya na daƙiƙa goma sha biyar tana yi masa fatan alheri. Abdulgafar ya kara wayar a bakin lasifika ya kunna sau biyu, ya ce a tafa mata. Sannan ya zura safarsa ya hau jawabi.

"Ya ku jama'ar Faskari da kewaye, yau tarihi ya buɗe ido. Shekaru aru-aru kuna zaune da dukiya ba ku sani ba, kuna daka a cikinta, kuna dama fura da ita, kuna barin ta a hayaƙi. Ba laifinku ba ne, ba a turo muku masani ba. To yau an turo. Abin da ke ƙarƙashin yadin nan ya tsere wa wuta, ya tsere wa ɓarayi, amma ba don ni ba da bai tsere wa sakaci ba. Jikokin jikokinku za su zo nan su gan shi yadda kuke ganinsa yau."

Ya kama gefen yadin da yatsa biyu ya janye.

Wuri ya yi tsit. Abdulgafar ya ɗauka mamaki ne, ya ɗan sunkuyar da kai don karɓar yabo. Mutum wajen sittin ne a wurin, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da bai san ƙwaron dawa ba tun yana goye. Gilashin ya yi baƙi da su, suna hawa suna sauka, farin yadin ya koma ja da gari. Malam Almu mai wake ya taso da sandarsa, ya kara ido a jikin gilashin, ya daɗe yana kallo. Ya juyo ya ce, "Malam, ashe dai kana hulɗa da su. Wanga ai kiwo ne."

Abdulgafar ya yi gyaran murya, ya fara bayanin cewa a manyan gidajen tarihi na duniya akwai abin da ake kira baje koli mai rai. Bai kai ƙarshen jimlar ba ya hango ta. Gwaggo Hussaina ce, da mayafinta na tafiya, ƙafafunta duk ƙura. Ta ga hadari a Kankara ta kasa zama, ta bar wa uwar mijin Rukayya sauran kwana biyun, ta hau motar farko. Ta shiga madafi ta tarar da igiya tana reto ba komai, matar Alhaji ta nuna mata ƙofar gida da baki.

Mutane suka dare mata. Akwai jar igiya da aka gitta a gaban akwatin, Abdulgafar ya ce da ƙaramar murya, "Gwaggo, ba a ƙetare igiya." Ta ƙetare. Ta sa farcen babban yatsa ta tsarge salatif ɗin, ta ɗaga murfi, wani wari mai ɗumi ya bugi na gaba-gaba. Ta ɗauki zangarniya guda, ta ji ba nauyi, ta ɗan girgiza ta, gari ya zubo mata a tafin hannu.

Kowa ya zaci za ta yi kururuwa ko ta zage shi ta uwa ta uba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.  Sai kawai ta tsaya tana kallon garin nan, hawaye na bin kumatunta. Matar nan ba ta yi kuka ba ranar da ta iso daga Sabuwa ba takalmi, sai yau. Abin ya taɓa zuciyar kowa, masu dariya suka haɗiye dariyarsu, Alhaji Mani ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ta kwashe zangarniyunta shida a gefen mayafi, ta ɗauki ta kasuwar da yatsa biyu ta wurga wa kaji, ta shige gida.

Matan unguwa suka bi ta, biki ya watse ba a ko raba lemo ba. Suka murje zangarniyun a hankali a kan faifai, suka bakace, suka tsince ƙwarin da hannu. Abin da ya rage Gwaggo ta juye a ƙwaryar ruwa. Ƙwayoyin da aka cinye cikinsu suka taso sama fal, ta kwashe ta zubar, ta sake kwashewa. Mata sun kewaye ƙwaryar suna leƙe. Da ta tsiyaye ruwan sai ga 'yan ƙwayoyi kwance a ƙasa, jajaye, masu nauyi. Aka auna, ba su cika ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta shanya su a inuwa, ta cuɗe su da toka, ta ƙulle a bakin zaninta. Ko wanka za ta shiga da shi take shiga.

Kar a zaci wannan ya karya Malam Kar-a-taɓa. Manyan mutane ba sa karyewa da wuri. Kashegari da la'asar an gan shi a majalisar mai shayi yana bayanin cewa gwajin ya yi nasara, domin ya tabbatar a kimiyyance cewa irin gargajiya yana da juriya. Ya ce zai rubuta maƙala a kai. Mai shayin ya ƙara wa rediyonsa murya.

Kwana biyu bayan haka ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da gari ya waye Alhaji Mani ya shiga Cibiya ba tare da izinin kwamiti ba, ya sauke sunguminsa daga bango, ya wuce gayaunar ƙanwarsa da kansa zai sara mata. Gwaggo na biye da shi, hannunta a kan ƙullin. Sai ga Abdulgafar ya biyo su da littafi da biro, ya ce ya zo ne ya ɗauki bayanin wannan rana don amfanin masu zuwa. A ransa kuwa so yake a ce an yafe masa, amma bai san ta inda ake fara wannan ba, don ba ya cikin manhaja.

A bakin gona Gwaggo ta tsaya tana kwance ƙullin. Ya matso ya miƙa hannu biyu, da ladabin da ba a taɓa ganin sa da shi ba.

"Gwaggo, kawo in riƙe miki."

Ta dube shi tun daga hula har ƙasa. Ta ce, "Audu, an yi fari, bai gama da shi ba. An yi fara, ba ta gama da shi ba. Ɓarayi sun zo da bindiga da wuta, na hito da shi. Kai kaɗai ka kusa, kai da karatunka." Ta tuɓe silifas ɗinta na roba, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da waya, ta miƙa masa. "Ungo, riƙe wanga."

Ta shiga gona ba takalmi, Alhaji na sara tana jefa ƙwaya bibbiyu tana rufewa da diddige. Darakta, Babban Kiyureta kuma Shugaban Sashen Bincike ya tsaya a kan kunyar gona, ya tallabo silifas ɗin ta ƙasa da hannu biyu, nesa da jikinsa kaɗan, yadda ƙa'idar aiki ta tanada. Masu wucewa gona suna yi masa sannu da aiki, yana amsawa. Kuma a faɗi gaskiya don Allah, har aka gama shukar nan ba abin da ya sami takalman.